Yadda ake lissafin ƙarfin saba da faɗin layi kafin a haɗa taron bidiyo a Maraɗi

Tambaya guda ta fi kowace yawan zuwa mini tun da makarantu da ƙungiyoyi suka koma yin taro ta bidiyo: "Mu mutum kaza ne, wace irin saba za mu saya, kuma mega nawa zai ishe mu?" Na amsa ta a waya, na amsa ta a bakin fada, har na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya ɗauka. Abin da nake fara gaya wa mai tambaya shi ne ba mutane ake ƙirgawa ba. Zaren bidiyon da ke fita daga saba ake ƙirgawa, wato kowane hoto mai motsi da ake tura wa kowane mai kallo. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin. Ku tanadi takarda da biro da kalkuleta, mu bi shi daki-daki.

1. Ku tabbata kuna bukatar saba taku ta kanku

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, ita ce kwamfutar da ke tsakiya: kowa ya tura mata hotonsa da muryarsa, ita kuma ta rarraba wa sauran. Idan Zoom ko Google Meet kuke amfani da shi, sabar tasu ce, ba ruwanku da lissafinta, sai ku tsallake zuwa mataki na 5. Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100 amma yana yanke taro a minti 40, Google Meet na kyauta kuma yana yanke taron jama'a a minti 60. Ƙungiyar da taronta sau ɗaya ne a mako, wannan ko biyan kuɗin wata ya ishe ta.

Masu bukatar tasu su ne masu azuzuwa da yawa a lokaci guda, ko masu son bayanansu su zauna a hannunsu. Su ne ke kafa Jitsi Meet ko BigBlueButton, manhajojin taron bidiyo da ake ɗorawa a kan sabar mutum, dukansu kyauta ne, ba a sayen lasisi.

2. Ƙirga sa'ar cunkoso

Kar ku kawo mini jerin sunayen duk ma'aikata ko ɗalibai. Makaranta mai ɗalibai 600 ba ta taɓa samun 600 a layi lokaci guda. Ku duba jadawalin mako, ku nemo sa'ar da ta fi cika, ku rubuta abu uku: ɗakunan taro nawa ke buɗe a wannan sa'ar, mutum nawa a kowane ɗaki, kyamara nawa ke kunne a cikinsu.

Na ukun nan shi ake mantawa, kuma shi ne mai cin kuɗi.

Misalin da za mu riƙe har ƙarshe: ƙungiya mai babban ofis a Maraɗi da rassa a Tasawa, Dakoro, Madarunfa da Gidan Rumji, da wakilai a Yamai. A sa'ar cunkoso ɗakuna 3 ne a buɗe, kowanne mutum 30, kyamara 6 a kunne.

3. Sanin nauyin zare ɗaya

Ana auna nauyin zare da Mbps, megabit a kowace daƙiƙa. Ga adadin da nake aiki da su, kuma sun yi kusa da abin da masu Jitsi ke bayarwa: ƙaramin hoto irin na gefen allo, mai 180p, kamar 0.2 Mbps, matsakaici mai 360p kamar 0.5, babba mai 720p yana iya kaiwa 2.5. Murya ba ta da nauyi, kamar 0.04 ga mai magana ɗaya, amma ni nakan ware wa kowane mai sauraro 0.1 don lokacin da baki ya yi yawa. Nuna takarda ko allon kwamfuta ma da sauƙi muddin rubutu ne a tsaye. Da zarar aka kunna fim a cikinsa, a lissafa shi a matsayin babban hoto.

Hattara a nan: mega iri biyu ne a bakin mutane. Akwai na gudu, Mbps, akwai na forfe, wanda ake rubutawa Mo ko MB. Bit 8 ke yin okte 1, saboda haka layin 8 Mbps yana sauke Mo 1 ne kacal a daƙiƙa. Na sha ganin mai sayarwa ya ce "mega goma", mai saye ya tafi da wata fahimta daban. Ku sa a rubuta muku haruffan a takarda.

4. Lissafin abin da ke fita daga saba

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe.

Jitsi da BigBlueButton ba sa narkar da hotunan mutane su mai da su hoto guda. Kowane zare da ya shigo, kwafinsa suke yi su tura wa kowa. Ashe idan kyamara guda ta kunnu a ɗakin mutum 30, zare 1 ya shiga, 29 sun fita. Lissafin kenan: yawan kyamara, sau yawan masu kallo, sau nauyin zare.

Gwada shi da mutum 20, kowa kyamararsa a kunne, duk ƙananan hotuna. 20 sau 19 ya ba da zare 380, sau 0.2 ya zama 76 Mbps. Yanzu ku ninka mutanen su zama 40. Hankali zai ce 152. Ina! 40 sau 39 zare 1,560 ne, wato 312 Mbps. Mutane sun ninka sau biyu, nauyi ya ninka sau huɗu da ɗoriya. Wannan ne dalilin da taron mutum 15 ke tafiya sumul, ranar babban taro kuma komai ya daskare, a yi ta zagin rezo alhali rezo bai yi laifin komai ba.

Maganinsa biyu ne, kuma babu mai cin ko dala. Na farko doka: mai magana da shugabannin zama kawai ke kunna kyamara. A mutum 40, kyamara 4 ƙanana kamar 31 Mbps ne kawai. Na biyu saiti: Jitsi yana da wurin da ake ƙayyade yawan hotunan da kowa zai gani, na waɗanda suka yi magana na baya-bayan nan. Idan aka tsayar a 9, ko duk 40 sun kunna, 40 sau 9 sau 0.2 ne, 72 Mbps.

Mu koma ƙungiyarmu. Hanya mafi sauƙi ita ce a lissafa abin da mutum ɗaya ke karɓa, sannan a ninka. Yana ganin mai magana a matsakaicin hoto, 0.5. Yana ganin sauran biyar ƙanana, 5 sau 0.2, wato 1.0. Murya 0.1. Jimla 1.6 Mbps. Sau mutum 30, ɗaki guda yana jan 48 Mbps. Ɗakuna 3, 144 Mbps. Ni nakan ɗora kashi 30 cikin 100 a kai saboda baƙi da kuma fakitin, wato ƴan ƙunshin bayanai, da ake sake turawa idan layi ya yi gardama, sai ya kai wajen 187. A ce 200.

Abin da ke shiga sabar kuwa kaɗan ne. A Jitsi, kowace kyamara takan tura hotonta a girma biyu ko uku lokaci guda don saba ta zaɓar wa kowa wanda layinsa zai iya ɗauka. A namu 0.5 da 0.2, wato 0.7, sau kyamara 6, a haɗa da muryoyi, bai kai 6 Mbps ba a ɗaki. Ku lura da tazarar: 6 na shiga, 48 na fita.

Gargaɗi: idan wani babba ya dage sai an gan shi tar a 720p, ku nuna masa lissafin. Zarensa kaɗai ya tashi daga 0.5 zuwa 2.5, ƙarin 2 Mbps a kan kowane mai kallo, 60 Mbps a ɗakin mutum 30. Kuma na Dakoro da ke kallo a ƙaramar waya ba zai ma ga bambancin ba.

5. Layin ofis da na mahalarta

Saba ta yi ƙarfi yadda ta ga dama, idan layin ofis siriri ne aikin banza ne. Kowane layi yana da gudu biyu, na saukowa da na hawa, kuma masu sayarwa na saukowa suke faɗa da ƙarfi. Taron bidiyo kuwa dukansu yake ci.

A misalinmu mutum ɗaya yana bukatar 1.6 saukowa, da kamar 0.75 hawa idan kyamararsa na kunne. Masu Zoom, adadin da kamfanin ya bayar don taron jama'a shi ne 1.0 Mbps hawa da 0.6 saukowa a hoto na yau da kullum, 2.6 da 1.8 a 720p, sannan 2.0 saukowa ga mai kallon fuskoki 25 a allo guda. BigBlueButton yana neman aƙalla 0.5 hawa da 1 saukowa ga kowane mutum.

Kuskuren da na fi gani a ofisoshinmu: mutum goma a gini ɗaya, kowa ya shiga da kwamfutarsa a kan wifi guda. Layin ba ya sanin ƴan gida ɗaya ne. Sau goma zai sauke abu ɗaya, 16 Mbps, ga kuma kuwwa idan lasifikar wannan ta shiga makirfon wancan. A tara su a ɗaki ɗaya, kyamara ɗaya, lasifika mai makirfo a tsakiyar tebur, allo a bango. Nauyi ya koma 1.6. A kuma jona wannan kwamfutar da waya ta kebul kai tsaye daga na'urar intanet, a bar wa wayoyi wifi. Kafin a fara a roƙi jama'ar ofis su dakata da sauke bidiyon WhatsApp da kallon TikTok, don layi ɗaya ake rabawa.

6. A ina za a ajiye sabar?

Wani Alhaji mai makarantar koyon sana'a ya kira ni wata rana, yana ta murna. Ya sayo saba daga Kano, ƙatuwa, fankokinta na huci kamar injin niƙa, an ɗora ta kan tebur a bayan ofis, an lulluɓe da zani saboda ƙura. Ya ce, "Malam, ga ta nan, an ce mutum dubu ma za ta ɗauka."

Na ce, "Allah shi ƙara buɗi, Alhaji. Bari mu auna layin."

Muka auna. Saukowa ba laifi, hawa bai kai 5 Mbps ba. Na zana masa a bayan takardar rasit: ɗalibi ɗaya 1.6, uku sun cinye layin. Ya yi shiru, ya cire hula ya mayar, ya ce, "To ita wannan ɗin me za a yi da ita?" Ta koma ajiyar takardun makaranta, kuma tana yin wannan da kyau.

Abin lura shi ne duk abin da saba ke turawa, ta hanyar hawan layin ofis zai fita. Mai bukatar 200 Mbps sai da layin fiba mai hawa 200, da adireshin IP na waje tsayayye, wato lambar da ake samun sabar da ita a intanet. Layin waya na Airtel, Moov ko Zamani, galibi mutane da yawa ne ke raba adireshi guda, don haka na waje ba zai iya ƙwanƙwasa ƙofar sabarka ba. Haka ma ƙaramin tsarin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025: yana da amfani ƙwarai ga ofis mai shiga taro, amma hawansa bai kai saukowarsa ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa shi. Sannan ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga kuran da ke ɗaukewa ba sallama. Saba a gida tana son ɗaki mai sanyi dare da rana.

Ra'ayina, wanda mahalartansa ke warwatse a garuruwa ya yi hayar saba a cibiyar bayanai, a Faransa ko Jamus, inda ake samun mashigar 1 Gbps cikin farashin haya. Saba a gida tana da ma'ana idan yawancin masu amfani suna cikin harabar guda, kamar jami'a, inda zaren zai bi kebul na cikin gida ba tare da ya fita waje ba.

Kar a yi nisa da yawa dai. Ƙa'idar ITU, hukumar sadarwa ta duniya, mai lamba G.114 ta ce jinkirin murya daga mai magana zuwa mai ji ya fi kyau kar ya wuce milisakan 150, idan ya haura 400 hira ta lalace, sai ka ji ana ta "ina jin ka, ci gaba, a'a kai ci gaba". Saba a Amurka ko Asiya tana ƙara tafiya ba dalili. Tsohon VSAT, intanet ta tauraron ɗan adam na nesa, kuwa, zuwa da dawowa kawai yana cin kusan milisakan 600.

7. Furosesa, RAM da diski

Da yake kwafi kawai saba ke yi, layi ne ke fara cika kafin furosesa. Amma akwai mafi ƙaranci. BigBlueButton na 3.0 yana neman Ubuntu 22.04, furosesa mai kai 8, RAM 16 GB, layi 250 Mbps hawa da sauka, da diski 500 GB idan za a naɗi darussa, ko 50 GB idan ba za a naɗa ba. Jitsi ya fi sauƙin ciyarwa, kai 4 da RAM 8 GB sun isa a fara da su. Ƙungiyarmu mai mutum 90 da 200 Mbps, saba guda mai kai 8 da RAM 16 GB za ta riƙe ta.

Tarko biyu a nan. Hayar saba mafi arha sau da yawa furosesarta ta haɗaka ce da wasu ƴan haya, idan maƙwabci ya matsa, muryarku ce za ta fara karkarwa. Ku nemi wadda kawunanta naku ne ku kaɗai. Na biyu naɗi. A Jitsi, wata manhaja mai suna Jibri ce ke naɗa, kuma kowane Jibri taro ɗaya yake iya ɗauka a lokaci guda, yana kuma cin furosesa sosai. Kar a cusa shi a saba ɗaya da taron. Ɗakuna uku masu naɗi, Jibri uku.

8. Mai da lissafin kuɗi

Ku haddace wannan: 1 Mbps na tsawon awa ɗaya yana cin 450 Mo.

Ɗakinmu mai 48 Mbps yana fitar da 21.6 Go a awa (Go ko GB shi ne jiga, Mo 1,000). Idan aka haɗa duk zaman ɗakunan ya kai awa 40 a wata, 864 Go kenan. Da wannan adadin za ku je wurin mai haya ku tambaye shi: nawa aka yarda in fitar a wata, in na wuce nawa ne kowane jiga? Wasu suna haɗa shi cikin haya, manyan kamfanonin hayar saba da ake kira girgije kuma kowane jigan da ya fita biyansa ake yi, kuma nan ne takardar kuɗi ke ba mutum mamaki a ƙarshen wata. Canjin bai da wuya tunda yuro 1 a tsaye yake a sefa 655.957. Idan an ce maka yuro 40 a wata, jika 26 ne da ƴan kai, ban da ladan banki.

Amma kuɗin da ya fi damuna na mahalarta ne, don daga aljihunsu yake fita. Mai karɓar 1.6 Mbps yana ƙona 720 Mo a awa. Ya kunna kyamara, ya haura jiga ɗaya. Taron awa biyu, jiga biyu. Wanda ke sauraron murya kawai kuwa 45 Mo zai ci a awa, ko da an ɗora masa takardun da ake nunawa ba zai yi nisa ba. Kafin shugaba ya ce "kowa ya kunna kyamara mu ga juna", ya kamata ya san forfen wa yake kashewa. Idan ƙungiya ce ke biya, ta ninka wannan adadi da yawan mutane da awoyin wata, ta sa a kasafi tun farko.

A ƙara da kuɗin sunan yanki na shekara. Takardar tsaro ta https dole ce, don burauza ba ta barin kyamara ta buɗe ba tare da ita ba, amma Let's Encrypt na bayar da ita kyauta. Ta kan ƙare cikin kwana 90, a tabbata sabuntawar na tafiya da kanta.

9. Buɗe ƙofofi, sannan a gwada

Bayanai na shiga saba ta ƙofofi masu lamba, a hanyoyi biyu, TCP da UDP, bidiyo kuma ta UDP yake son bi. Jitsi na bukatar TCP 80 da 443 da UDP 10000. BigBlueButton na bukatar TCP 80 da 443 da UDP daga 16384 zuwa 32768. Alamar an manta UDP a Jitsi sananniya ce: mutum biyu suna ganin juna lafiya, na uku na shiga hoto da murya su ɗauke. Dalili, mutum biyu kai tsaye suke haɗuwa, sai da na uku saba ke shiga tsakani. Saboda haka gwajin mutum biyu ba gwaji ba ne. Ga waɗanda ke bayan katangar ofis mai toshe UDP, a kafa musu sabar TURN, mai zagaya musu katangar, da manhajar coturn, a kuma tuna duk zarensu ta cikinta zai ratsa, sai a lissafa mata nata layin.

Auna layi kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Speedtest yakan zaɓi wuri mafi kusa, ya ba ka adadi mai daɗin gani. Wanda ya fi gaskiya shi ne awo da manhajar iperf3 tsakanin ofis da ainihin sabarku. A saba a rubuta iperf3 -s, a ofis kuma iperf3 -c sai adireshin sabar sai -u -b 5M, a sake da -R a ƙarshe don auna saukowa. Ku duba kason fakitin da suka zube. Ƙasa da 1 cikin 100 lafiya lau, ya kai 3 zuwa 5 za ku fara jin murya na tsinkewa ko da mega ya wadata. A auna da safe, a auna da azahar, a auna bayan isha'i lokacin da gari duka ya hau layi, kuma a kowane reshe. Mafi munin adadin shi za ku ɗauka.

Daga nan sai gwajin gaske. A tara mutum 15 ko 20 daga rassa, kowa ya kunna kyamara na minti goma, kai kuma kana kallon htop, mai nuna aikin furosesa, da ma'aunin layin sabar. Idan furosesa ta wuce kashi 70, ko layi ya kusa cika, a rage hotuna ko a ƙara saba kafin ranar taro. Cikin gwajin nan a sa wani ya kashe kuran ofis da gangan. Kwamfutar hannu tana da batir, amma na'urar intanet da lasifika ba su da shi, kuma kafin gurup ya tashi na'urar ta sake kama layi an yi asarar mintuna. Ƙaramin ondula ko batirin sola a kan na'urar intanet kaɗai ya isa, don ba ta cin wuta sosai. A ajiye waya ɗaya mai layin wani kamfani daban, da forfe a ciki da caji cike, a gwada jona kwamfutar ɗakin taro da ita tun ranar gwajin, a rubuta kalmar sirrinta a manna a gefen allo.